Darasin Golmo Ga Mai Ƙulla Niyyar Sabuwar Shekara



Al'ada ce a irin wannan lokaci kowa ya ɗauki alƙalami ya jera wa kansa alkawura. Wannan ya ce bana ba zai sake faɗuwa jarrabawa ba, wancan ya ce zai yi tanadi, wani kuma ya ce ya daina makara a ofis. Kafin watan Maris ya kama, takardar ta ɓace, an koma gidan jiya. Mu ma da muke tsaye a gabanku mun sha yin haka, saboda haka ba wa'azin waɗanda suka tsira muka zo yi ba. Mun zo ne mu tuna wa juna cewa a nan ƙasar Zuru iyayenmu sun daɗe da sanin yadda ake ƙulla niyya a kuma cika ta, tun ba a kawo mana kalandar Turawa ba.

Abin da muke nufi shi ne golmo. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayin da ke neman aure yakan yi wa surukansa noma har shekara 7 kafin a ba shi mata. Ba shi kaɗai yake yi ba, a cikin ƙungiyar tsararrakinsa yake, su yi gonar surukin wannan yau, gobe su koma ta wancan. Idan wa'adi ya cika, sai a yaye su a bainar jama'a lokacin bikin Uhola, watau bikin godiya da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Zamani da addini sun sauya abubuwa da yawa game da wannan al'ada, kuma ba kira muke yi a mayar da kowa gonar suruki ba. Hikimar da ke cikinta muke so mu ɗauka, ita kuwa kashi huɗu ce.

Na farko, ɗan golmo ya san abin da yake nema, abu ɗaya ne tak, kuma yana iya faɗinsa da baki. Mu kuwa mukan jera buri goma sha biyu, kowanne kamar hayaƙi. Wanda ya ce zai ƙara ƙwazo bai faɗi kome ba. Wanda ya ce zai zauna a laburare awa biyu kowace safiya kafin lacca, shi ne ya yi alkawarin da za a iya auna shi.

Na biyu, shekara bakwai ɗin nan ba a haɗiye ta gaba ɗaya. Damina-damina ake cin ta, kowace damina kuma da matakanta: sharar gona, shuka, noman fari, maimai, sannan girbi. Manomin da ya tsallake maimai, ciyawa za ta yi masa hukunci. Haka zangon karatu yake. Makon farko shi ne sharar gona, ɗalibin da ya bar littafi sai ana saura kwana uku jarrabawa kuwa ya zama mai shuka da kaka.

Na uku, akwai idon jama'a. Saurayin da ya yi lalaci a kunyarsa, abokansa za su gani, surukai ma za su ji. Niyyar da aka ɓoye a ƙarƙashin matashin kai saurin mutuwa gare ta. Kowannenmu ya nemi aboki biyu ko uku masu faɗa masa gaskiya, su riƙa zama a ƙarshen kowane wata suna bin diddigin juna. Masu adashi sun san wannan sirri: kunyar idon 'yan'uwa ke sa a zuba kuɗi ranar da aljihu ya yi nauyin fitarwa.

Na huɗu, gumin ɗan golmo a rumbun wani yake ƙarewa. Tun yana matashi ake koya masa cewa mutum ba ya girma sai ya yi wa wani amfani. A nan ne muke juyowa gare ku, 'yan'uwa ma'aikata. In dai burinku na bana bai wuce ƙarin girma da sayen mota ba, to, da saura. Ku ƙara da wannan: fayil ɗin talaka ba zai kwana uku a kan teburinku ba, kuma tsohon da ya taso daga Wasagu ko Sakaba ko Mahuta neman hakkinsa ba za a ce masa ya dawo gobe don a sa shi ya miƙa goro ba.

An san ƙasar nan da fitar da sojoji. Daga cikinta aka sami Laftana Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985. Dattawa da dama suna danganta juriyar 'ya'yan Zuru a aikin soja da horon da suka sha a gona. To, yaƙin da ke gabanmu ya fi faɗin filin fareti. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an kuma kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru a 2020, amma a cikin waɗannan shekaru na baya mun ga yadda 'yan bindiga suka kori manoma daga ƙauyuka a yankin Danko-Wasagu da Sakaba. Wasu daga cikinmu, da dawar da aka noma cikin fargaba aka biya musu kuɗin makaranta. Ɗalibin da ya san haka, sannan ya ɓata zango a yawon banza, ya ci amanar wanda ya sunkuya a gona dominsa.

Saboda haka ga roƙonmu. Kafin ku kwanta yau, kowa ya rubuta niyya uku kacal: ɗaya ta ilminsa ko aikinsa, ɗaya ta halinsa, ɗaya kuma ta amfanin garinsu, ko da koya wa ƙannensa karatu ne lokacin hutu. Ya rubuta ranar da zai fara kowacce, ya nuna wa abokin da ba ya jin nauyinsa. In ya yi tuntuɓe a watan Fabrairu, kada ya jira wata Janairu, ya tashi washegari ya ci gaba, gama manomin da tsuntsaye suka tone masa iri yakan sake shuka ne tun ƙasa na da laima.

Allah ya kai mu baɗi da rai da lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, mu taru a nan kowa ya buɗe rumbunsa mu gani.