Mai Shago, Ran Yaranka Amana Ne

 Da yawa cikinmu muna da injin niƙa, ko shagon ɗinki, ko wurin gyaran babur, kuma muna da yara masu yi mana aiki. Waɗansu 'ya'yanmu kuma suna koyon sana'a a birnin Zariya. Wanda ya san Kusfa ya san lungunanta. Idan wuta ta tashi, ba kowane lungu ne motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga ba. A ƙauye kuwa, ko motar ma babu. Saboda haka nauyin yana wuyan mai shago.

A watan Satumba na 2002, gobara ta kama wata masana'antar roba da dare a Ikorodu, jihar Legas. Ma'aikata da yawa suka mutu, gama an kulle su a ciki. Alhali Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce dole a bar wa ma'aikata hanyar fita, a kuma tanadi abin kashe wuta.

Kafin hunturu ya shigo, zaga shagonka ka tambayi kanka abu uku. Me zai iya ta da wuta? Tsohuwar waya, ko jarkar fetur kusa da janareta? Wa yake kwana a ciki? Ta ina zai fita?

Ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, domin ruwa yana baza wutar fetur. Kada ka taɓa kulle yaro daga waje. Ana iya sake sayen kaya, amma ɗan mutane ba ya dawowa.