Ɗan Leƙen Asiri: Na Silima da na Bakin Kwara

Tun fitowar Dr. No a 1962 masu kallo suka saba da ɗan leƙen asiri Bature, mai kwat da bindiga, wanda shi kaɗai ke gano kome. Tarihin Yawuri bai goyi bayan wannan siffa ba. A Yawuri Mungo Park, mai bin sawun Kwara, ya sallami tafintansa Amadi Fatuma, sa'an nan ya halaka a Busa, garin da ruwan Kainji ya shanye a 1968. Ingila kuwa ba ta sami tabbacin mutuwarsa ba sai daga bakin tafintan nan, bayan an nemo shi a 1810. Richard Lander ya zo Yawuri da kansa a 1830 neman takardun Park, ya tashi hannu rabbana.