Jinyar Mahaifi a Watan Azumi

Akwai gidajen da masassara ta kayar da uba, amma yana jin nauyin shan magani da rana a gaban ƴaƴansa. Mu ce masa cikin ladabi: Baba, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 185. Kuma kada mu bar wa uwa ɗawainiyar ita kaɗai. Wannan ya kai shi likita, wancan ya kwana kusa da shi, na ci-rani ya aiko kuɗin magani. In ya miƙe, mu tuna masa kwanakin da ya sha, ya rama kafin azumi mai zuwa. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.