Ƙwallon hannu: daga ƙauyen Morsinghi zuwa rigar Indiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako don waɗanda ba su samu saurare ba.

Yau Indiya za mu leƙa, amma ba fim ya kai mu ba. Na san da an ce wasa a Indiya, kurket ne ke faɗo wa mutum a rai. To ni kuwa labarin wata 'yar wasan ƙwallon hannu na kawo muku, sunanta Bhawana Sharma.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum bakwai-bakwai ne a fili har da mai tsaron raga, ana yin minti 30 a huta a ƙara 30, kuma ba a yarda ka yi taku fiye da uku riƙe da ƙwallo ba. Bhawana a tsakiya take bugawa, wato ita ce mai tsara hari da rarraba ƙwallo.

Ina ta koyi wasan? A Morsinghi, wani ƙauye a gundumar Bilaspur ta jihar Himachal Pradesh, can arewacin Indiya cikin duwatsu. A nan ne wata malamar makaranta mai suna Snehlata, wadda ita ma tsohuwar 'yar wasa ce, ta fara tara 'yan mata tana koya musu a filin ƙasa, ba tare da karɓar kuɗin horo ba. Mijinta Sachin Chaudhary, shi ma mai horarwa ne, ya kama mata. Iyaye suka amince suka ba da 'ya'yansu, yaran suna karatu suna atisaye.

A watan Maris na 2022 aka yi gasar matasan mata ta nahiyar Asiya a Almaty, ƙasar Kazakhstan. Indiya ta ci kofin, karo na farko a tarihinta, bayan ta lallasa Thailand da ci 41 da 18 a wasanta na ƙarshe. Da yawa daga cikin 'yan wasan ɗaliban Morsinghi ne, kuma Bhawana aka zaɓa gwarzuwar gasar.

Amma bari in faɗi gaskiya, kada a ce na zuzuta. Ƙasashe biyar ne kawai suka buga, kuma Koriya ta Kudu da Japan, manyan wasan a Asiya, ba su je ba. Da Indiya ta isa gasar matasa ta duniya a Slovenia a wannan shekarar, ba ta yi nisa ba. Duk da haka yaran ba su watse ba. Bhawana ta haura zuwa babbar tawagar ƙasa, ta buga wasannin Asiya a Hangzhou na ƙasar Sin a 2023, inda suka zo na biyar, sannan gasar Asiya da aka yi a New Delhi a Disambar 2024, inda suka ƙare na shida.

To me ya sa labarin ya tsaya min a rai? Ni dai abin da na gani, tun kafin hukuma ta san da yaran nan, akwai mace guda da ta san sunan kowacce, ta san iyayenta, take fitowa fili da sassafe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sai an samu mai tanƙwarar da iyaye suka yarda da ita.

Mu ma fa wasan nan ba baƙonmu ba ne. Matan Najeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka buga Olamfik a Barcelona a 1992. Wasu cikin 'yan matan da muka yi sakandare tare, na ga yadda suke jifa kamar harsashi, amma daga ranar da aka gama makaranta ba su sake taɓa ƙwallo ba, don babu malamar da za ta riƙe su.

Saboda haka tambayata gare ki, 'yar'uwa da kika taɓa bugawa a makaranta: yara nawa za ki iya koya wa ranar Asabar a unguwarku? Ku ajiye min amsa a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba in sha Allahu.

Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.