RAWAR BANKWANA A MAKARANTUN AMURKA DA HANNUN IYAYE A CIKINTA

  

Ya ku 'yan'uwa iyaye, a makarantun sakandare na Amurka akwai wata al'ada da suke kira furom, wato rawar bankwana da ɗalibai kan yi a ƙarshen shekarar karatu, galibi cikin Afrilu ko Mayu. Yarinya takan sa doguwar riga mai tsada, yaro ya yi hayar kwat, wani lokaci har da mota, iyaye su tsaya a ƙofar gida suna ɗaukar hoto. Mutum yakan tsufa yana ajiye da hoton nan, yana ba jikokinsa labarin wannan dare. Hukuncin cakuɗuwar samari da 'yan mata a filin rawa sananne ne a wurinku. Abin da nake so mu duba yau shi ne wanda yake biyan kuɗin, domin ɗan sakandare ba shi da jarin kama zauren biki. Ruwa ba ya tsami banza.

A shekarar 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe. Da aka tilasta haɗa ɗalibai a jihohin kudu, sai makarantu da dama suka janye hannu daga shirya rawar. Iyaye suka karɓe ta, suka mayar da ita biki na ƙashin kansu, inda doka ba ta kai ba: farare da nasu dare, baƙaƙe da nasu. Yara suna aji ɗaya, suna ƙwallo tare, amma ranar bankwana sai a raba su.

A garin Charleston na jihar Misisifi, ɗan wasan fim Morgan Freeman ya yi tayin ɗaukar nauyin bikin gaba ɗaya a 1997, da sharaɗin a haɗa kowa. Ba a karɓa ba sai a 2008. Ko a wannan shekarar ma, wasu iyaye farare sun shirya wa 'ya'yansu nasu daban. A gundumar Wilcox ta jihar Jojiya kuwa, sai a 2013 aka yi biki na farko da ya haɗa kowa, kuma ɗalibai ne da kansu suka tara kuɗin ta Facebook. Ku lissafa: shekara 59 ke nan bayan hukuncin kotu. Alƙali ya yanke, gwamnati ta sa hannu, amma wariyar ta ci gaba da rayuwa a aljihun iyaye. Waɗannan iyaye ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Sun tuna nasu daren ne da daɗinsa, suka ce haka muka tarar. Wannan ita ce hujjar da aka daɗe ana kawo wa annabawa.

Ga misali na ɗaya ɓangaren. A garin Hamtramck na jihar Mishigan, inda Musulmi 'yan asalin Yaman da Bangaladash da Bosniya suke da yawa, iyaye da dama sun ƙi barin 'ya'yansu mata zuwa rawar da ake cakuɗa. A 2012 sai ɗalibai mata suka tara kuɗi suka shirya bikin mata zalla, babu namiji ko ɗaya, iyaye kuma suka amince. Maganar kiɗa tana nan a wurin malamai, kuma ban kawo wannan don in halatta shi ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa tsayuwar iyaye ita ta sauya wa tsohuwar al'adar ƙasa kamanni, a tsakiyar Amurka, inda Musulmi ba su da rinjaye.

To, mu fa? Da yawa daga cikinmu da suka yi makarantar kwana suna tuna daren nishaɗi da akan gayyato makarantar 'yan mata. Yau kuma ga bikin yaye ɗalibai, da kuɗin anko, da mai kiɗa, da takardar neman gudummawa da yaro yake kawowa gida. Uban da ya sa hannu bai tambaya ba, ya shiga cikin masu shiryawa. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa za a tambayi kowane mai gida game da kiwon da aka ba shi.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Na farko, kada ka biya kuɗin biki sai ka ga tsarinsa a rubuce: wuri, lokaci, da masu kula. Na biyu, ka halarci taron iyaye da malamai, domin a can ake yanke shawara, wanda ya ƙi zuwa kuma ya bar wa wasu bakinsa. Na uku, kada hani ya tsaya shi kaɗai. Yaron da ya yi shekara 6 yana karatu ya cancanci a yi murna da shi. A yi walima da rana, a raba maza da mata, a ba da kyaututtuka, a ɗauki hoton da zai nuna wa 'ya'yansa ba tare da jin kunya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu sauke amanar da Ya ɗora mana.