Kafin ka biya mai sa gilashi



Bara, kan hanyar Yamai zuwa Filinge, mun wuce Baleyara kenan wata babbar mota ta watso tsakuwa, gilashin gaban motar yayana ya tsage. Muka kai gareji aka sa sabo, muka biya, ba mu duba komai ba. Ruwan farko na damina, sai ga ruwa na zubo mana a gwiwa. Ashe kan tsatsa aka shafa gam!

Tun ranar na koyi darasi. Gilashin gaba na ƙwarai falle biyu ne da roba a tsakani, ko ya fashe ba ya tarwatsewa a fuskar mutum. Duba tambarin da ke kusurwa, harafin E cikin da'ira ko kalmar Laminated. Zauna wurin direba ka kalli sandar lantarki. In ta lanƙwashe, gilashin banza ne. Bi robar gefe da yatsa, kada ka ji gibi. Ka bar gam ya bushe yadda ya kamata, ban da buga ƙofa da ƙarfi. Bayan nan a kwara ruwa daga sama, kai kana ciki. In ka hau titi ka ji iska na fito, koma.

Motocin nan su ke ɗaukar iyayenmu zuwa kasuwannin Kurfai. Tambayar mai gareji ba rashin kunya ba ne, haƙƙinka ne. Ka duba, sannan ka biya.