TSARIN GONA DA GIDA: A DUBI RUWA DA ISKA KAFIN A ƊAUKI HAUYA

Jawabi don cibiyoyin yaƙi da jahilci



Jawabin yau ya shafi tsarin gona da gida. Ina za a gina rijiya? Ina za a kafa turken bisashe? Ina garka, ina itace, ina ramin taki? Gonaki sun ƙanƙance. Gonar da uba ɗaya ya noma, yau ɗiya biyar ko shida ke rabonta. Babu filin da za a bar ƙasa ta huta kamar da. Mai hekta ɗaya ko biyu tilas ya san abin da kowane lungu zai ba shi.

A shekara ta 1978 wasu mutane biyu na ƙasar Ostiraliya, Bill Mollison da David Holmgren, suka buga littafi bisa wannan batu. Da turancinsu suka sa wa dabarar suna Famakalca, wato noma mai ɗorewa. Tushen maganarsu guda ne: kada a aza kome a gona sai an san dalili, kuma abin da wannan ya zubar ya zama abincin wancan. Tsofaffin manoma za su ce sun san wannan tun da daɗewa. Gaskiyarsu. Abin da littafin ya ƙara shi ne a zauna a yi tsarin tun farko, da gangan. Tun ran gini ran zane.

AIKIN FARKO KALLO NE

Mai gona ya fita sa'ad da ake ruwa mai ƙarfi, ko da zarar an ɗauke. Ya bi ruwan da ƙafa. Daga ina ya shigo? Ina ya yi gudu, ina ya kwanta, ta ina ya fita? Ya kafa turaku a wuraren. Ya lura da inda ciyawa ta fi kauri da inda ƙasa ta zama faƙo. Da rani kuma ya lura da inda iska ke kwasar rairayi da inda take jibge shi. Wannan kallo ba ya cin ko dala. Wanda ya ƙi yinsa, shi ne ke gina rumbu bisa hanyar ruwa.

RUWA

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi bisa allonsa. In ruwa ya sauka milimita 1, kowane metir ɗaya tsawo, metir ɗaya faɗi, ya samu lita 1. Wajen Maraɗi ana samun kamar milimita 500 a damana matsakaiciya. Hekta ɗaya, wato metir 100 tsawo da metir 100 faɗi, tana samun lita miliyan 5 ke nan. In an zuba shi cikin tano mai cin lita 200, za a cika tano 25.000. Allah ya ba da ruwan. Amma bisa faƙo mafi yawansa gudu yake yi, ya tafi da taki da ƙasa mai kyau, ya bar kwazazzabo.

Don haka a tare shi tun daga tudu, inda ba shi da ƙarfi tukuna. In akwai duwatsu, a jera su a gicciye, kada jerin ya karkata, don ruwa ya rage gudu ya nutse. In babu duwatsu, a shuka gamba a jere. Gamba tana tare ruwa, tana riƙe ƙasa, a kaka kuma a yanke ta a yi zana.

Faƙo yana da maganinsa, shi ne tassa. A shekara ta 1989 wasu manoman Ilela, cikin jihar Tawa, suka tafi Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake yi, suka komo suka gwada. Ana gina ƙaramin rami tun da rani, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta wajen gangare. A zuba taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Ruwan farko mai kyau sai a shuka hatsi ko dawa cikin ramin. Aikin yana da wuya, kowa ya sani, hekta ɗaya tana cin rami wajen 10.000. Amma mutanen Ilela sun raya filayen da aka riga aka fid da rai da su, har faƙo ya koma abin saye da sayarwa. Inda gangare ya fi yawa, a yi rabin wata, bakinsa yana fuskantar tudu. A jigawa mai rairayi kuwa tassa ba ta da amfani sosai, ramin cikewa yake yi.

Ruwan gida ma kada ya tafi banza. Ɗakin kwano mai metir 5 da metir 4 yana zubo lita 10.000 a damana irin wannan, tano 50 ke nan.

ISKA

Hadarin farkon damana daga gabas yake tasowa. Iskar da ke gabansa ita ce ke bugun shuka da rairayi, ta binne ta, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Ashe kariyar gona wajen gabas take.

A kwarin Majiya, wajen Buza, an soma dasa dogon yaro a shekara ta 1975, jeri biyu biyu, tsakanin wannan kariya da waccan metir 100. Iska ta rage ƙarfi, hatsi ya ƙaru, mutane suka samu itacen gini da na wuta. Sai dai dogon yaro wurinsa iyakar gona, domin hatsin da ke gindinsa ba ya yin kirki.

Icen tsakiyar gona shi ne gawo. Da damana yana zubar da ganye, ba ya hana hatsi rana. Da rani yana yin ganye, bisashe su kwanta inuwarsa, su ci ɗiyansa, su bar kashinsu nan. Icce guda, aiki huɗu: taki, inuwa, abincin bisashe, kariyar iska. Wanda ya bi ta Matamaye da Magariya ya ga gonaki cike da gawo, ya ga hatsin gindinsa ya fi na nesa tsawo.

Ba sai an sayi dashe ba. Kututturan kalgo, da sabara, da magariya, da aduwa suna nan cikin ƙasa da ransu. Wajen Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka soma sassaben zamani. Maimakon a sare tofo duka a ƙone, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi, biyu zuwa biyar, a bar su, a datse sauran da gatari mai kaifi. Tun da saiwar tsohuwa ce, iccen yana saurin tashi. Da wannan dabara aka raya itace bisa hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar.

ƘAFA

Abin da ake zuwa wurinsa kullum ya zauna kusa. Abin da ake zuwa wurinsa sau ɗaya a wata ya zauna nesa. Mata su suka fi sanin wannan, tun da su ke ɗaukar ruwa da itace. Tsarin da aka yi ba a tambaye su ba, su ne za su sha wahalarsa.

Kusa da gida: zogala, yakuwa, kuɓewa, kaji. Ruwan wanka da na wanke-wanke, maimakon ya kwanta a titi ya tara sauro, a ja masa ƙaramar hanya zuwa gindin zogala ko lemun tsami. Ramin taki ya zauna tsakanin turken bisashe da hanyar gona, don kashin bisashe da toka da sharar gida su taru wuri guda. Harawar wake ta tafi wurin tumaki, kashin tumaki ya komo gona. Garka kusa da rijiya, a kewaye ta da aguwa ko lalle, shingen da ba a sake shi kowace shekara. Salanga kuwa ta yi nesa da rijiya, metir 30, kuma wajen gangare. Wannan ba abin wasa ba ne, zawon yara daga nan yake farawa.

MAƘWABTA

Gona ba ita kaɗai take ba. Ruwan da aka kauce masa kada ya faɗa gonar maƙwabci. Kada shinge ya ci burtali. Makiyayin da ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi taki ya kawo, a yi shiri da shi tun da wuri. Mai gonar aro ko jingina kuma, kafin ya yi tassa ko ya raya itace, ya yi magana da mai gonar gaban maigari da shaidu, a rubuta takarda. An sha ganin mutum ya gyara faƙo, shekara ta zagayo a karɓe. Wanda ya iya karatu zai karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu.

Kada a ce za a yi duka a shekara guda. Da rarrafe yaro kan tashi. A soma da lungun da ya fi lalacewa, tassa 100 ko kututture 20, a ga abin da damana za ta nuna.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya zana gonarsa cikin littafinsa. Ya rubuta gabas da yamma. Ya ja kibiya inda ruwa ke bi. Ya ƙidaya itacen da ke ciki, manya da kututture, ya rubuta sunan kowane iri da yawansa. A kawo zanen cibiya ranar karatu mai zuwa, a duba tare da malami.